Rariyar Shagon Kwalliya: Abin da Ke Bayan Maɓallan Tace Kaya a Intanet

Duk macen da ta taɓa shiga wajen 'yan kayan kwalliya a kasuwar Sabon Gari ta Kano ta san yadda cinikin yake tafiya. Idan kika tsaya bakin shago kika ce hoda kike so, yaron shagon ba zai kwaso miki duk abin da ke kan kanta ba. Zai ɗan dubi fuskarki tukuna. "Hajiya, ke za ki shafa ko ta lefe ce? Fuskarki tana maiƙo? Ta kamar nawa kike so?" Kafin ki rufe baki ya miƙa hannu sama ya sauko da guda uku daga cikin ɗaruruwa, ya buɗe ɗaya ya ce ki gwada a bayan hannunki, ki fito haske ki gani. Tambaya uku da kallo ɗaya, ciniki ya kama hanya.

A shagon intanet babu wannan yaron. Hotuna ne kawai jere, mai saye tana ta jan allo da babban yatsa har datarta ta ƙare ko haƙurinta ya ƙare. Abin da aka ƙirƙiro ya tsaya a madadinsa shi ne 'yan maɓallan nan da ke gefen shafi ko samansa, waɗanda ake taɓawa a ce: nuna mini na fuska kawai, na ƙasa da naira dubu goma, na fata mai maiƙo. Masu haɗa shafuka filta suke ce musu. To amma a bakin 'yan matanmu filta ita ce abin da ke goge ƙuraje a hoton Snapchat, don haka ni rariya zan kira su, tunda aikinsu ke nan: a zuba gari a tankaɗe, tsaki ya tsaya a sama.

Ƙanwata ta shekara shida tana sayar da kayan kwalliya daga ɗakinta, a WhatsApp da Instagram. Ita ce yaron shagon, ita ce kanta, ita ce mai lissafi. Ƙarfe ɗayan dare ma saƙo shigowa yake: "Anti, wannan zai karɓi fatata?" Da kayan suka haura ɗari uku ta ga abin ya fi ƙarfin kai ɗaya, sai ta ɗauki wani matashi ya haɗa mata shafi. Shafin bai ɗauke shi mako biyu ba. Rariyar ce ta cinye mana kusan duk hunturun bara, ni da ita, a kan tabarma, kwalaye zagaye da mu. Abin da na gani a wannan zama shi ya sa nake rubutun nan.

Kwamfuta ba ta ganin kwalba

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne kunna rariyar ba wuya. Manhajojin da akasarin ƙananan shaguna ke hawa a kai, irin Shopify ta Kanada da WooCommerce da ke aiki cikin WordPress, duk sun tanadi wurin. A Shopify akwai wata manhajar kamfanin mai suna Search & Discovery; a WooCommerce kuwa siffofin kaya ake buɗewa, a ce ga launi, ga girma, ga irin fata. Cikin awa guda matashin ya jera maɓallan. Da muka taɓa "fata mai maiƙo" sai shafin ya dawo fayau, ko kaya ɗaya babu.

Dalili shi ne kwamfuta ba ta ganin kwalba. Ba ta san wannan man na fuska ba ne, ba ta san wancan jan bakin ja ne ko ruwan hanta. Abin da aka rubuta mata a gurbin kowane kaya shi kaɗai ta sani. Saboda haka ainihin aikin jadawali ne na Excel: kowane kaya layi guda, kowace tambayar mai saye gurbi guda. Kaya ɗari uku da gurbi goma ya zama amsa dubu uku, kuma kowace amsa sai an ɗauki kwalbar an juya bayanta an karanta.

Nan muka ci karo da wata matsala da sai mai rubutun Hausa ya san ta. Ni ina cike gurbin launi a kwamfuta ina rubuta "ruwan ƙasa" da ƙa mai lanƙwasa, ƙanwata tana cike nata a waya tana rubuta "ruwan kasa". A idonmu abu ɗaya ne. A wurin manhaja kuwa launi biyu ne daban, sai ga maɓalli biyu sun fito a shafi, kowanne ya riƙe rabin kayan. Maganin abin a zauna tun farko a yanke jerin kalmomin da aka yarda da su, a kulle gurbin yadda zaɓa kawai za a yi, ba rubutawa ba. Haka ma akwatin bincike: wata za ta rubuta janbaki, wata jambaki, wata jan baki, wata kwalli, wata tozali, wata ta rubuta da Turanci. Sai an gaya wa manhajar cewa duk 'yan gida ɗaya ne, in ba haka ba ta ce wa mai saye babu, alhali kayan na cikin kwali.

Sai kuma rarrabe rukuni da rariya, wanda mutane da yawa ke cakuɗawa. Rukuni kamar layi ne a kasuwa: layin kayan fuska, layin kayan gashi, layin turare. Rariya kuwa tambayoyin da ake yi ne bayan an shiga layin, kuma kowane layi da nasa. Tambayar irin fata ba ta da muhalli a layin turare, tambayar ƙamshi ba ta da muhalli a layin jagira. Tunanin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Wani masanin ɗakin karatu ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, shi ya fitar da tsari a 1933 na siffanta littafi ta fuskoki da yawa maimakon a kulle shi a aji ɗaya. Man kaɗanya guda ɗaya na jiki ne, na gashi ne, na hunturu ne, na gida ne, kuma mai araha ne. Ta kowace ƙofa mai saye ta shigo ya kamata ta tarar da shi.

Akwai wata ƙa'ida ƙarama da ke rusa shago idan aka kuskure ta. Idan mace ta zaɓi ja da ruwan hoda a gurbin launi, nufinta a nuna mata ko wannan ko wancan, kaya su ƙaru. Idan ta zaɓi ja a launi sannan ta zaɓi ƙasa da dubu biyar a farashi, nufinta wanda ya haɗa duka biyun, kaya su ragu. A farko tamu rariyar jan bakin da yake ja kuma ruwan hoda a lokaci guda take nema, sai ta dawo hannu rabbana. Bayan an gyara, muka sa a riƙa nuna adadin kaya a gaban kowane zaɓi, wanda ba shi da komai a dusashe shi, don kada a tura mutum lungun da babu mafita.

Sauran abubuwan na hankali ne. Kusan duk masu sayen ƙanwata da waya suke shigowa, don haka maɓallin ya zauna inda babban yatsa ke kaiwa, kuma a bari mutum ya gama zaɓe-zaɓensa kafin shafi ya sake lodi, don kowane lodi data ce. Sandar farashi da ake ja hagu da dama ba ta jin magana a ƙaramin allo. Gara a yanka farashin gida-gida. Su ma gidajen sai ana waiwayarsu, domin tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, gidan "ƙasa da dubu biyar" kullum ƙara zama kufai yake.

Fara, wankan tarwaɗa, baƙa

Inda muka fi daɗewa shi ne launin fata. Samfurin shafin da matashin ya sayo na ƙasar waje ne, ya zo da gidaje biyar a shirye. Huɗu daga ciki matakan farar fata ne da mai bi mata, ɗaya tak aka bar wa duk wata baƙar fata ta duniya. Ƙanwata ta dube shi ta ce, "Yaya, kin ga fa ni da ke da Umma da duk 'yan layinmu an zuba mu a gida ɗaya." Gaskiyarta. Rariyar da za ta tara kusan duk masu sayenki a rami guda ba ta tace komai ba.

Wannan son kai yana da tarihi. Ma'aunin da likitocin fata suka fi amfani da shi wani likitan Jami'ar Harvard ne, Thomas Fitzpatrick, ya fitar da shi a 1975, kuma don a san yawan hasken da za a haska wa fararen marasa lafiya wajen magani aka yi shi. Mataki huɗu ya fara da su, daga baya aka ƙara biyu don masu duhun fata. Kamfanonin kwalliya ma sun daɗe a kan wannan turba, har zuwa watan Satumbar 2017 da mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty da fandeshin kala 40, masu duhun suka riƙa ƙarewa a kantuna, sauran kamfanoni suka farga cewa kasuwa suke bari a ƙasa. A 2022 Google ya fara aiki da wani ma'auni mai mataki 10 na Ellis Monk, shi ma malami a Harvard, wanda ya fi ba duhun fata fili.

Mu ba mu kwafi ko ɗaya ba. Hausa tana da nata kalmomin: fara, wankan tarwaɗa, baƙa, kuma kowacce tana da mai haske da mai duhu. Muka yi gida shida, a gaban kowane suna da ɗan da'irar launi, don suna kaɗai ba ya isa. Wadda take wankan tarwaɗa a gidansu tana iya zama fara a gidan mijinta. Ƙanwata ta kuma dage a fara jerin daga mafi duhu. Matashin ya ce ko'ina daga fari ake farawa. Ta ce shi ya sa.

Bayan duhu da haske akwai abin da masu kwalliya suka sani, wato launin da ke kwance ƙarƙashin fatar: wata tana ɗaukar ja-ja, wata rawaya-rawaya, wata tsaka-tsaki. Mata biyu duhunsu ɗaya, hoda ɗaya ta zauna wa wannan ɗas, ta mayar da waccan toka-toka. Duk wanda ya taɓa kallon hotunan biki ya ga amaryar da fuskarta ta rabu da wuyanta da zarar hasken kyamara ya sauka. Wannan ya zama gurbi na biyu. Kuma da yake kowace waya da yadda take nuna launi, sai muka tara 'yan uwa da maƙwabta shida, kowacce daga gida ɗaya, aka shafa kowace kala a damtsensu aka ɗauki hoto a tsakar gida da hantsi, ba fitila ba filta. Hotunan ba su kai na kamfani sheƙi ba, amma tun da aka ɗora su kayan da ake dawowa da su suka ragu sosai.

Irin fata bai ba mu wahala ba: mai maiƙo, busasshiya, gauraye, da mai saurin ƙaiƙayi. Abin da muka ƙara na kanmu shi ne yanayi. Fatar da ke tsatsafo da mai a watan Afrilu ita ce ke yin furu-furu a Janairu, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Maɓallin "na hunturu" ya fi kowanne shan taɓawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Muka kuma buɗe "na lefe", saboda mai haɗa lefe sau da yawa yayar ango ce ko gwaggonsa, ba fatarta za a shafa wa ba, saiti take nema da kuɗin da aka damƙa mata.

Maɓallin da ba a saka ba

Wata rana matashin ya zo da shawara. Ya ce ya duba saƙonnin da ake turo mata, tambayar da ta fi kowacce yawa ita ce, "Akwai mai sa haske?" Don haka a yi maɓalli guda a saman shafi: mai ƙara haske. Ta fuskar sana'arsa bai yi kuskure ba. Ƙa'idar aikin ita ce a gina rariya a kan abin da mutane ke tambaya.

Sai dai wannan tambayar ba kamar sauran ba ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa, waɗanda aka daɗe ana ambato, sun ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man sauya launin fata. A farkon 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Dokokin hukumar sun hana sa sinadarin makuri da magungunan sitiroyid a man shafawa, sun kuma taƙaita sinadarin haidirokwinon. Gana ta hana shigo da mayukan da ke ɗauke da shi tun 2016, Ruwanda ma ta bi kantuna tana kwashe irinsu. Ba sai an je asibiti za a ga dalili ba. A gidan biki ma ana gani: gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin a hannu fari, nankarwa mai faɗi a damtse, kumatu sun ƙone sun yi baƙin tabon da ba ya fita, fata ta yi sirirtar da jijiyoyi ke bayyana, rauni kaɗan ya ƙi warkewa. Makuri kuwa ba a fata yake tsayawa ba, har ƙoda yake taɓawa, kuma mai ciki tana iya isar da shi ga abin da ke cikinta.

Ni a ganina maɓalli a saman shafi ba amsa tambaya kawai yake yi ba, koyar da tambaya yake yi. Yarinya 'yar shekara sha shida da ta shigo neman man leɓe, idan ta ga "mai ƙara haske" zaune kusa da "busasshiyar fata" da "ƙuraje", an gaya mata ke nan cewa launinta ma wata lalura ce da ake nema wa magani. A shago yaron kanti yana iya yin shiru har sai an tambaya. Shafi ba ya shiru. Abin da aka rubuta a kansa kowa yake faɗa wa, dare da rana. An taɓa yin irin wannan rigima a wani fage: a 2020 shafin neman aure na Indiyawa, Shaadi.com, ya cire rariyar da ke ba mutum damar tace masu neman aure da launin fata bayan mata sun yi ca a kansa. A shekarar ce kuma Unilever ya sauya sunan mansa Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely.

Ƙanwata ba ta saka maɓallin ba. Abin da ta yi shi ne ta koma cikin saƙonnin ta duba abin da ke bayan tambayar. Da yawa daga masu cewa haske suke so, da an ja su da hira sai a tarar tabon ƙuraje ne ya dame su, ko ƙunar rana a goshi, ko fuska ta fi jiki duhu saboda zirga-zirga. Sai ta buɗe gurbi mai suna "abin da ke damun fata": tabon ƙuraje, ƙunar rana, kaushi da faso, ƙyasbi, bushewa. Ƙarƙashin ƙunar rana man kariya daga rana ne ke fara fitowa, da lambar ƙarfinsa a rubuce. Ba zan ɓoye ba, ta rasa masu saye. Akwai waɗanda farin suke so tsagwaronsa, suka tafi inda za a ba su, kuma wuraren ba su da wuyar samu. Ta san da haka lokacin da ta yanke shawarar.

A madadin maɓallin hasken ta sa gurbin lambar NAFDAC, ta kuma rubuta lambar kowane kaya a fili ƙarƙashin hotonsa don mai shakka ya bincika da kansa, tunda masu jabu ma sun iya buga lamba a kwali. Wannan gurbin shi ya fitar da wani kwali guda daga shagon gaba ɗaya: mayukan haɗi da wata mata ke kawo mata a robobi marasa rubutu, waɗanda ake ce wa "oganik". Suna da kasuwa ƙwarai. Amma da aka zo cike layinsu babu lamba, babu jerin sinadarai, babu ranar lalacewa. Ta kira matar ta tambaye ta me da me ke ciki, aka ce sirrin sana'a ne. Layin ya zauna fari, kwalin ya koma inda ya fito.

Halal, barasa da alwala

Tambaya ta biyu a yawa ita ce ta addini. "Akwai giya a ciki?" "Ana salla da shi?" A nan ma jarabar a manna maɓallin "halal" a wuce tana da ƙarfi, kuma kuskure ne. Kalmar shaida ce, shaida kuwa tana da masu ba da ita; a Malesiya, alal misali, hukumar JAKIM ce ke tantancewa ta ba da tambari. Mai shago a Kano ba ta da hurumin ta ɗora wa kaya wannan suna don kawai ba ta ga abin ƙi a jikinsa ba.

Abin da take da hurumi a kai shi ne faɗin abin da ke rubuce. Kayan kwalliyar kamfani suna ɗauke da jerin sinadarai a tsarin sunaye na duniya da ake kira INCI, ana jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Sai an koyi karanta shi. Man kaɗanyarmu a can Butyrospermum Parkii Butter yake, lalle kuma Lawsonia Inermis. Idan aka ga Alcohol Denat, wannan barasa ce da aka gurɓata don kada a sha, ita ce ke cikin yawancin turaren fesawa. Amma Cetyl Alcohol da Cetearyl Alcohol, duk da sunan, wani abu ne mai kama da kakin zuma da ke sa mai ya yi kauri, ba ya bugarwa. Da mun bi suna kawai da mun kori rabin mayukan shagon a banza. CI 75470 kuma jan launi ne da ake samu daga jikin wani ƙwaro, yana cikin jan baki da yawa. Malamai sun yi saɓani a kan wasu daga cikin waɗannan, kuma shagon kwalliya ba zauren fatawa ba ne. Don haka maɓallan suka zama na bayani zalla: "babu barasa a jerin sinadarai", "babu abin da aka samo daga dabba", "yana da tambarin halal na hukuma". Mai saye ta ɗauki bayanin ta kai wa malaminta. Jan farce kuwa aka rubuta a jikinsa ƙarara cewa yana rufe farce, ruwa ba ya ratsa shi, aka ajiye lalle kusa da shi.

Kayan da samfurin bai san da su ba

Kusan kashi ɗaya cikin uku na shagon ba su da gida a samfurin da aka sayo: turaren wuta, humra, dilka, halawa, sabulun salo, lalle, kwalli. Waɗannan su ne kayan gyaran jikin da suka biyo hanyar Sudan da Chadi da Borno suka zauna a ɗakunan amarenmu, ko kuma muka gada tun kaka da kakanni. Samfurin yana tambayar ko turare na fure ne ko na lemo. Mai sayen turaren wuta ba haka take tambaya ba. Ita so take ta ji na ɗaki ne, na kaya ne, ko na tsuguno. Sandal ne, hawi ne, ko kajiji. Humrar fara ce ko baƙa. Wannan rariyar daga bakin masu saye muka gina ta, kalma bayan kalma, kuma ita ce ta fi kowacce daɗin aiki, don babu wanda ya riga mu yanke yadda za ta kasance.

Sai dai na gida ba ya nufin babu haɗari. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kawo daga Najeriya ake sa masa. Da aka auna kwallin, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Kwallin dutse mai ƙyalli da muka saba gani, wanda ake sa wa jarirai tun ranar suna, asalinsa ma'adinin dalma ne. Haka baƙin lalle mai kamawa nan take: abin da ke sa shi baƙi sau da yawa sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, wanda ke tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa a daidai zanen. Ƙanwata ta cire kwallin dutse daga shago, ta raba lalle gida biyu, jan lalle na ganye da baƙi mai sinadari, na biyun da gargaɗi a jikinsa.

Gurbi na ƙarshe na ranar lalacewa ne. A bayan kwalba akan ga hoton ɗan buɗaɗɗen gwangwani da rubutu kamar 12M, ma'ana wata goma sha biyu bayan buɗewa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, jan baki na narkewa a mota kafin a kai shi Zariya, wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Muka kuma sa duk abin da ya ƙare ya daina fitowa a rariya, don babu abin da ke ɓata ran mai saye kamar ta tace ta tace ta samu wanda take so, a ce mata sai wani watan.

Da muka ga kamar mun gama, sai muka kai wa Gwaggo wayar, ita da ba ta taɓa sayen ko allura a intanet ba. Ƙanwata ta ce, "Gwaggo, nemo mana man da za ki shafa wa ƙafarki." Muka zauna muka yi shiru, mun yi alkawarin ba mai taimaka mata. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon allon. Ta wuce maɓallin rariyar sau biyu ba ta taɓa shi ba, saboda alamar 'yar mazurari ce kawai babu rubutu. A take matashin ya rubuta a takardarsa cewa a sa kalmar "Tace kaya". Da ta shiga, ta taɓa "na jiki", ta taɓa "kaushi da faso", kaya bakwai suka fito, man kaɗanya a sama. Ta yi murmushi ta ce wannan ai ta san shi tun kafin a haifi uwarmu.

Sai ta ci gaba da ja sama da ƙasa, kamar mai neman wani abu. Muka tambaye ta. Ta ce jikarta take nema wa mai, 'yar wata huɗu, hunturu ya sa kumatunta sun yi ja. "Ina wurin na jarirai?"

Babu. Cikin gurbi goma sha biyu da muka yi, ba mu tuna da shi ba. Ƙanwata ta jawo kwamfutar ta buɗe jadawalin, ta ƙara gurbi na goma sha uku, ni kuma na jawo kwalin farko na fara juya kwalabe.